Yadda ake ratsa ƙarƙashin layin dogo da bututu ba tare da an tona titin jirgi ba

Wani ƙanenmu ɗan kwangila a nan Zariya ya aiko mini da tambaya kamar haka: "Injiniya, an ba ni aikin shimfiɗa bututun ruwa mai inci 12, kuma dole sai ya ƙetare tsohon layin dogo kafin ya isa unguwar da za a kai wa ruwan. Takardar aikin ta ce a sa kesin, wato rigar ƙarfe ta bututu, a ƙarƙashin dogo ba tare da an tona ba. Ni kuwa na ga jirgi ba ya yawan bi ta nan. Me zai hana in tona da dare in mayar kafin gari ya waye, ko in sa masu haƙar rijiya su huda mini da hannu? In kuma dole sai da inji, yaya ake yi, kuma me zan fi sa wa ido?"

Ƙanena, Allah ya sa wa aikin albarka. Na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka sa diga a ƙasa ba. Maganar tonon dare da maganar masu rijiya duk ka ajiye su, zan kuma gaya maka dalili, don ba na so ka bari saboda tsoron hukuma kawai.

Tudun da dogo yake kwance a kai ba tarin ƙasa ba ne irin wanda tifa take juyewa. Layin da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, reshen da ya nufi Gusau kuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ka ga ƙasar nan ta yi shekara ɗari ko kusa da haka jirage suna danne ta, damina tana jiƙa ta, rani yana busar da ita, har ta zauna daram. In ka yanka ta da dare ka mayar, ko da wane irin inji ka daddaɓe, wurin nan ba zai yi taurin na gefensa ba. Ruwan farko zai nuna shi. Silifa biyu ko uku, wato ƙarafa ko katakon da dogo yake zaune a kansu, za su rasa abin dogara, kuma duk ƙafar jirgin da ta hau sai ta ƙara dannawa. Mota tana kauce wa rami, jirgi ba shi da inda zai kauce. Ga kuma wani abu game da tsohon layinmu: faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon layin da ake shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano kuwa 1,435. In ɓari ɗaya na dogo ya nutse da milimita 10, karkatar da tarago zai yi a kan tsohon layi ta ɗara ta sabon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙaramin layi ya fi rashin haƙuri da nutsewa. Batun jirgi ba ya yawan wucewa kuma, jirgin kaya ba ya yi wa kowa sallama, kuma sau ɗaya ya isa.

Masu haƙar rijiya ina girmama su ƙwarai, sun san ƙasar garin nan fiye da injiniyoyi da yawa, har zan ce ka je wurinsu nan gaba. Amma ramin tsaye daban, ramin kwance daban. A rijiya ƙasa tana kewaye da mutum, tana riƙe kanta kamar zobe, sama kuma a buɗe take. A ramin kwance ƙasar a bisa kansa take, ba abin da ya tokare ta, ga tsakuwa da ƙarfe a samanta, ga girgizar duk abin da ya wuce. In ta rufta ba ka da minti biyar na ceto. Ana yin haƙar hannu a ƙarƙashin dogo, amma daga cikin babban bututu mai faɗin mita ɗaya da wani abu, wanda ake turawa da jak yana kare mai haƙar, ana kuma hura masa iska. Naka bai kai wannan girman ba, don haka kada ka yarda a tura ɗan kowa ciki.

Shi kesin, riga ce ta ƙarfe da ake sa wa bututun ruwa, kamar yadda masu haƙar burtsatse suke sa nasu don kada rami ya rufe. Aikinsa uku ne. Shi yake ɗaukar nauyin ƙasa da na jirgi. In bututun ruwa ya fashe wata rana, ruwan zai bi cikin kesin ya fito can gefe inda za a gani, maimakon ya yi ta cin ƙasa a ƙarƙashin dogo ba wanda ya sani. Sannan in gyara ya taso, sai a zare bututun a mayar da wani, ba a taɓa layin ba. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun fara tura bututu a ƙarƙashin layukansu tun wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Kafin komai, izini. Ƙasar da dogo yake kai da ta gefensa ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce, wadda aka kafa a 1955, kuma mun yi sa'a ofishin shiyyar arewa yana nan Zariya. Ka kai musu zane mai hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ya nuna wurin daidai, da zurfi, da kaurin kesin, da yadda za ka yi aikin. Su za su gaya maka lokutan da ake sa ran jirgi, su turo mutuminsu ya tsaya a wurin, su rage wa jirgi gudu in da buƙata. Su ne kuma suka san wayoyin da aka binne a gefen layi. Duk da haka ka sa leburori su tona ƙananan ramuka da shebur a inda za ka yi aiki, don wayar sadarwa da tsofaffin bututu ba kullum suke kan zane ba. Akwai abin da nake gani mutanenmu suna yi, a zura bututu ta cikin kwalbatin reluwe don a huta. Kada ka yi. An yi kwalbati don ruwan sama, in ka rage masa baki shara za ta maƙale, ruwan Agusta ya taru ya ci tudun.

Sai ƙasa, kuma a nan yawancin ayyukan irin wannan suke gyaruwa ko su lalace. Zariya a kan tsohon dutse take zaune. Dutsen Kufena da kake hangowa shi ne wanda ya leƙo waje, sauran yana ƙarƙashinmu, wani wuri da nisa wani wuri kusa. Daga sama za ka sami jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai farfashewa a hannu, sannan dutse na gaske. Jar ƙasa mai danƙo ita ce abin so, tana tsayawa da kanta. Marmara tana cin haƙoran inji amma ana wuce ta. Abin tsoro biyu ne: ƙaton dutse guda da ya rage a tsakiyar ruɓaɓɓe, da kuma rairayi mai ruwa irin na fadama, wanda za ka tarar in wurin ya kusanci Kubanni ko Galma ko wani rafi da aka cike aka yi gini a kai. Don haka a haƙa ramin gwaji a kowane ɓangare na layin, ya zarce zurfin kesin da kamar mita biyu, a duba abin da ya fito. A nan ne za ka nemi masu haƙar rijiyar unguwar. Ka tambaye su a gaba nawa suke samun ruwa, a ina suka taɓa cin karo da dutse, ka leƙa rijiyoyin gidajen da ke kusa. In da hali ka sa aikin tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. Wanda ya fara a Yuli ya ɗora wa kansa kuɗin tsotse ruwa dare da rana, da haɗarin da bai kamata ya ɗauka ba.

Game da ma'auni, abin da hukumar ta rubuta maka shi ne doka. Amma don ka san inda lambobin suke fitowa, injiniyoyi da yawa suna duba ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin reluwe ta Amurka, AREMA. A cikinta zurfin saman kesin ba ya kasa ƙafa biyar da rabi daga ƙasan dogo, kusan mita 1.7, kuma a ƙarƙashin lambatun gefe ba ya kasa ƙafa uku. Tsawonsa ya kai aƙalla ƙafa 25 daga tsakiyar layi a kowane ɓangare, wato mita 7.6, ya kuma wuce gindin tudu da lambatu. A ratsa layin kai tsaye, kada a bi shi a karkace in ba dole ba. Nauyin da suke lissafi da shi fam 80,000 ne a kan kowane ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu na kan jirgi, kusan tan 36. Cikin kesin kuma ya fi wuri mafi kauri na bututun ruwa, wato mahaɗarsa, da aƙalla inci huɗu. Naka mai inci 12, in ka haɗa da mahaɗa, kesin mai inci 20 zai wadatar a takarda. Ni zan ba ka shawarar inci 24, mai kaurin milimita 9.5. Dalili shi ne injin da ba a iya juya kansa yakan kauce da kamar kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon rami, in ramin mita 24 ne, kusan santimita 24 kenan, kuma sararin da ka bari shi zai cece ka. Kowane guntu mai mita shida na irin wannan ƙarfe ya haura kilo 800, saboda haka ka tanadi abin ɗaga shi tun da wuri. Kada kuma a sayar maka da tsohon bututu da tsatsa ta cinye a ce ai binne shi za a yi.

Hanyar da ta dace da aikinka ita ce ta barima. Ka san yadda injin markaɗe yake tura tattasai gaba da murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinsa? Haka abin yake, sai dai nan baya yake jawo ƙasa. Ana zura doguwar barima cikin kesin, a bakinta akwai kan yanka mai haƙora. Inji yana juya barimar, jak kuma yana tura kesin gaba a lokaci guda. Ƙasar da aka yanka tana bin barima ta dawo ramin da injin yake, a kwashe.

Ramin farawa zai kai mita 10 zuwa 11 a tsawo, faɗi mita uku ko ɗan fiye, don ya ɗauki inji da guntun kesin ɗaya. Na karɓa, wato wanda kesin zai ɓullo cikinsa a ɗaya ɓangaren layin, ƙarami ne. Dukansu su yi nesa da gindin tudun dogo, don ramin da aka haƙa kusa yana janye ƙasar da take riƙe da layin ko da ba a huda komai ba. Ramin da ya kai mita uku kuma dole a tokare bangonsa, a sa tsani a wuri biyu, a nisanta tarin ƙasa daga bakinsa. A bayan ramin ana yin bangon da jak zai dogara da shi. Mutane suna raina wannan bango, alhali duk ƙarfin da ake tura kesin da shi a kansa yake komawa. Gugar ƙasa a jikin bututu takan kama daga rabin tan zuwa tan biyu da rabi a kowace murabba'in mita. Kesin mai inci 24 da tsawon mita 24 yana da jiki kusan murabba'in mita 46, ka ga ana maganar tan 23 zuwa sama da tan 100 kenan. Jerin bulo ba ya tare wannan. Sai kankare mai rodi ko faifan ƙarfe mai kauri da ya jingina da ƙasar da ba a taɓa ba. Daben ramin ma a zuba masa kankare ko tsakuwa, safiyo ya daidaita layin da inji zai zauna a kai, domin inda guntun farko ya sa kai nan sauran za su bi. Ka ɓata yini guda wajen saita wannan, ba asara ba ce. Don a san ko kan kesin yana yin sama ko ƙasa, ana ɗaura siririn bututun ruwa a bayansa, irin tiyon da magina suke duba lebur da shi. In guntu ya shige sai a ja inji baya, a sauko da wani, a haɗa barima, a yi walda zagaye cikakke. Mai waldar ƙofa da taga ba shi ne mai wannan aiki ba, ka nemi wanda ya saba da bututu, don mahaɗar da ta tsage a ƙarƙashin dogo ba mai iya kai mata hannu.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk wannan bayani. Kesin ba ya kayar da jirgi. Abin da yake kayar da jirgi shi ne kogon da aka bari a samansa, kuma kogo yana samuwa ne in an fitar da ƙasa fiye da gurbin da kesin ya cike. Mai tuƙa inji yana son ya ga aiki yana sauri, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ya bar kan yanka ya yi gaba da nisa, kesin yana biye a baya. A jar ƙasa mai danƙo zai iya tsira da haka. A ƙasa mai sako-sako kuwa rufin ramin zai riƙa zubowa, barima tana kwashewa, shi yana ganin ƙasa tana fitowa yana murna, ashe daga ƙarƙashin silifa take zuwa. Shi ya sa ake sa abin da zai hana barima zarce bakin kesin, in ƙasar ba ta da kyau ma a janye ta ciki a bar toshiyar ƙasa a bakin. Faɗin yankan kuma kada ya fi na kesin da sama da rabin inci.

Ba za ka ga abin da ke faruwa a ciki ba, amma za ka iya ƙirga shi. Rami mai faɗin inci 24 yana fitar da ƙasa kiyubik mita 0.29 a kowace mita, a guntu ɗaya mai mita shida kenan 1.75. Ƙasa in an tona ta takan kumbura da kamar rubu'i, sai ta kai 2.2. Ka sa kafinta ya buga maka akwatin katako, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, rabin mita zurfi. Duk ƙasar da ta fito ta bi ta cikinsa kafin a zubar. Guntu ɗaya ya cika shi sau huɗu da rabi ko kusa da haka. Ka ajiye yaro mai hankali da littafi, ba shi da wani aiki sai wannan ƙirga. In ka ga shida ko bakwai, a kashe inji.

Na ga amfanin wannan da idona. Shekarun baya muna huda ƙarƙashin wata babbar hanyar mota, aiki yana tafiya lafiya har guntu na uku, sai mai littafin ya zo ya ce mini akwati ya cika sau takwas, kuma ƙasar ta sauya launi, ta koma fari-fari mai ɗanshi. Mai injin ya ce a ci gaba, saura kaɗan. Na hana. Da muka huda daga sama muka tarar da kogo wanda babban mutum zai zauna a ciki, kwalta ce kawai da ɗan abin da ke ƙarƙashinta suke riƙe da manyan motoci. Tsohon rafi ne aka cike da rairayi, gwajinmu bai faɗa kansa ba. Mun kwana biyu muna ɗura kunun siminti. Har yau in na tuna cewa motocin haya cike da mutane suna bi ta wurin a wannan yammacin, sai gabana ya faɗi. Laifina ne da na yarda da ramin gwaji ɗaya, tun daga ranar ban ƙara ba.

Daga wannan ƙa'idar sauran suke fitowa. Ba a fesa ruwa mai ƙarfi don a tausasa ƙasa a ƙarƙashin dogo, don ruwa ba ya sanin iyakar rami. In ana so a rage guga sai a yi amfani da bentonait kaɗan a bayan kesin, wata laka mai santsi da masu burtsatse suka sani. In ruwan ƙasa ya yi yawa ana tsotse shi, amma ka duba abin da famfon yake fitarwa: in ruwan garau ne babu laifi, in da laka ko rairayi to ƙasar dogo kake tsotsewa. Kuma da zarar bakin kesin ya shiga ƙarƙashin tudun, ba a tsayawa sai ya fita ɗaya ɓangaren, ko dare ya yi. Kesin da ya kwana ƙasa takan kama shi, bakin ramin kuma yana nan a buɗe. Saboda haka kafin a shiga, dizal da janareto da fitila da mai walda na biyu da abincin ma'aikata duk su kasance a wurin. Sallah a yi ta rukuni-rukuni, kada a bar inji ba kowa. Ka kuma tsara kwanakin yadda tsakiyar aikin ba za ta faɗa ranar Juma'a ba. In jirgi zai wuce, a dakatar da juya barima, a danna kesin ya matse da ƙasa, kowa ya fito daga rami har ya wuce.

A sama kuma safiyo yana nasa aikin. Kafin a fara, a yi alama da fenti a kan dogo biyun, kowace mita uku, har kamar mita 15 hagu da dama na inda za a ratsa, a auna tsayin kowace alama a rubuta. Ana cikin aiki a riƙa maimaitawa safe da rana da yamma, da bayan wucewar kowane jirgi. Injiniyan reluwe shi zai faɗi iyakar da ba a ƙetarewa. Ni a aikina in na ga milimita biyar nakan rage gudu in nemi dalili, in ta kai goma in tsaya in kira su. Abin da ya fi muni shi ne ɓari ɗaya ya nutse ya bar ɗaya, don shi yake murɗa layi.

In barima ta ci karo da dutse za ka ji, inji zai canza murya ya fara tsalle. Kada a matsa masa, in barima ta maƙale ƙarfin juyawar yana iya kifar da injin a kan mutane. A zare barima, a haska, a ga ko za a sauya kan yanka da na dutse. In abin ya gagara, ba a zare kesin a bar rami. A cika shi da siminti a bar shi nan, a nemi izinin gwada wani wuri.

Akwai wasu hanyoyin, zan taɓa su a taƙaice. In gwaji ya nuna rairayi ko tsakuwa, bugun kesin ya fi barima aminci: ana sa guduma mai aiki da iskar kwamfaresa tana buga bututun daga baya, ƙasa tana shiga cikinsa ta zauna, sai ya fita ɗaya gefen sannan a kwashe ta. Ba a fitar da komai yana ƙarƙashin layi, don haka kogo ba ya samun hanya, sai dai a kula da girgiza. Akwai haƙa mai linzami, wadda ka ga masu binne wayar intanet suna yi a bakin titi, inji yana sama yana sarrafa kan haƙar ya yi baka ya fito can. An fara ta a Kalifoniya a 1971 wajen ƙetare wani kogi, kuma irinta ake amfani da ita a manyan ayyuka kamar ƙetare koguna da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Tana da kyau ga ƙaramin bututun roba ko waya, amma ramin da take yi ya fi bututun faɗi, kuma ruwan lakar da take turawa da ƙarfi yana iya ɓullowa cikin tsakuwar dogo in ba a yi zurfi sosai ba. Ga kesin ƙarfe mai inci 24 a mita 24, ba ita ba ce. Injin da ake sarrafawa daga nesa, wanda Japan ta ɓullo da shi a shekarun 1970, na manyan magudanai ne masu buƙatar gangara daidai, kuɗin kawo shi kaɗai zai cinye kwangilarka.

In kesin ya fito, saura kammalawa, kuma a nan gajiya take sa a yi sakaci. In ƙirgarka ta nuna an fitar da ƙasa fiye da kima a wani wuri, a ɗura kunun siminti a bayan kesin, a hankali, don matsi mai yawa yana ɗaga dogo. A wanke cikin kesin. Bututun ruwa ba a kwantar da shi a kan ƙarfe haka kawai, ana ɗaura masa zobban roba kowace mita biyu ko ƙasa da haka, su ɗauke shi su hana shi guga. Mahaɗun da za su shiga ciki su zama waɗanda ba sa zarewa. A yi gwajin matsin ruwa kafin a rufe ramuka. A toshe bakin kesin biyu yadda ƙasa da ɓeraye ba za su shiga ba, amma a bar hanyar da yoyo zai nuna kansa a ɓangaren da ya fi gangara. A sa bawul a kowane gefe, wajen filin reluwe, don a iya yanke ruwa nan take. A kafa alamar kankare a kan kowane baki, a miƙa wa hukumar da masu ruwa zanen abin da aka binne a zahiri, da zurfinsa. Ramukan biyu a cike su kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Awon dogo kuma ba ya ƙarewa ranar da inji ya tafi, a ci gaba da shi mako-mako, sannan a koma bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko, domin kogon da ya ɓuya a rani damina take tona shi.

Wajen ɗaukar mai inji, kada ka tsaya a kan farashi kawai. Ka tambaye shi wane layin dogo ya taɓa ratsawa, tan nawa jak ɗinsa yake turawa, yana da kan yanka na dutse ko babu, kuma me zai yi in ƙasa ta fara zubowa. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa kai ko injiniyan reluwe kuna da ikon tsayar da inji a kowane lokaci, kuma ba a biyansa da yawan mitar da ya ci a yini, don wannan shi yake sa gaggawa.

A wannan makon ka rubuta wa ofishin reluwe takardar neman izini, ka haƙa ramukan gwaji biyu a wajen filinsu, ka zauna da masu rijiyar unguwar. In ka samu sakamakon, ka kawo mini tare da samfurin ƙasar kowane zurfi a leda daban-daban, mu duba tare mu ga ko barima za a kira ko guduma.